Kada Ka Kankare Gilashi Na Goma Sha Biyu

Kittila, 20 ga Sha'aban, 1350

Zuwa ga yayana, Abzi Zinnetulla, a Helsinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar da ta wajaba a kan ƙani ga wansa ko da ran ƙanin a ɓace yake, kuma wallahi a ɓace yake. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Jingi Zuleiha da yaran duka. Allah ya tsare ku daga tarin sanyi da santsin ƙanƙara, ya sa albarka a ɗakin hotonka, ya ƙara maka masu saye. Ya kuma ƙara maka hasken ido, don na ga alamar kana bukata. Abin da na fi roƙo kuwa shi ne takardar nan ta riga wuƙarka isa kan gilashin da zan yi maka magana a kansa. Amin.

Mu a nan mun gode Allah. Yau kwana goma sha tara ke nan rana ba ta leƙo ba, sai ɗan shuɗin hasken nan da ke zuwa kafin azahar ya koma inda ya fito. Yayata Apa Gulsum tana lafiya, sai faɗa, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Saniyarmu ta haihu, mace, kuma saboda sanyi 'yar maraƙar a bayan murhu take kwana tare da mu. Apa ta ce yanzu marasa hankali biyu gare ta a ɗaki, amma ɗaya zai girma ya yi amfani. Fatun da muka saya a hannun masu kiwon barewa sun bushe, an ɗaure su suna jiran hanya. Ati kuwa, mahaifina kuma mahaifinka, yau mako biyu yana kwance. Kada hankalinka ya tashi fiye da kima. Zazzaɓin ya sauka, yana shan romo, jiya ma ya samu ƙarfin zagina sau uku. Yadda aka yi ya kwanta yana cikin maganar da zan yi maka, don haka ka bi ni a hankali.

Takardarka ta iso shekaranjiya tare da kwalin sababbin gilasan ɗaukar hoto. Na karanta ta sau huɗu, kowane karatu ya fi na baya zafi. Ka ce cikin gilasai goma sha biyu da na aiko ka wanke, goma sha ɗaya na tsuntsaye sun yi kyau, za su yi katin wasiƙa. Na gode, ko da yake ka faɗi yabon kamar ana cire maka haƙori. Sannan ka zo kan na goma sha biyu, ka raɗa masa suna wai kututture na biyu. Ka ce na sake sanya wa kututturen icce rigar fatar Ati da hularsa na kafa shi a kan daskararren kogi, sannan na kaɗa fitila a gaban akwatin hoto don sama ta yi zane-zane. Ka ce ka jefa shi kwandon lalatattu, kuma kafin a ɗauki azumi za ka jiƙa su a ruwan zafi ka kankare kamar yadda ka saba, ka yanka gilasan ka sa a firam ɗin hotunan mutane. Abzi, azumi saura kwana tara ko goma. Takarda daga nan zuwa wurinka kwana shida ce, in dokin mai wasiƙu bai karye ba, in jirgin ƙasa bai maƙale ba. Don haka ajiye shayin nan da ke hannunka, tashi ka je wurin kwandon, ka ciro gilashin, ka naɗe shi a tsumma mai laushi, sannan ka dawo ka ƙarasa karatu. Ina jira. Ka ciro? To. Wannan ba kututture ba ne. Ubanka ne.

Na san abin da za ka ce, kuma ban musa ba. Na bara ni na yi. Ni na samo kututturen iccen fir mai kafaɗu, na saci rigar Ati yana wankan tururi, na sa mata ciyawa a hannuwa, na ɗora hula na karkata ta hagu yadda yake yi. Ni na rubuto maka cewa a ƙarshe Ati ya yarda an ɗauke shi. Amma tsakani da Allah, ni na ce ka buga shi babba? Ni na ce ka sa masa firam mai ruwan zinariya ka kai masallaci ranar Juma'a kana nuna wa dattawa? An ce mini har Alimjan Babay ya goge hawaye ya kira sunan Ati ya ce Bedretdin ya rame, sai da mai gadi ya lura da reshe yana leƙowa ta ƙasan rigar. Na roƙe ka gafara sau biyu a rubuce, Ati kuma ya hana ni nama mako guda. Har yau in na tuna ina dariya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wasan bara na bara ne. Kai da kake da madubin ƙara girma da fitila ja da takardar shaidar koyon aiki a bango, a ce ba ka iya bambanta icce da mutumin da ya haife ka?

Kuma ka ce ina ɓarnar gilashi. Ni! Kai kana zaune a ɗaki mai ɗumi kana tsoma gilashi a ruwan magani kana kaɗa shi kamar mai lallashin jariri, ka san yadda tsuntsayen nan suke shiga cikinsa? Hasken da nake samu a yini bai kai awa uku ba. Tun da duhu nake ɗaura katakon sulɓi kan ƙanƙara a ƙafa, akwatin a baya, ƙafafunsa uku a kafaɗa, in shiga daji har in daina jin haushin karnukan gari. Akwatin a rumfar itace yake kwana, don ranar da na shigar da shi ɗaki ya yi gumi ciki da waje, da na fitar da shi gumin ya daskare, kwana biyu idonsa a makance. In na shiga ƙarƙashin baƙin mayafi sai na riƙe numfashi, in ba haka ba hucina ya rufe madubin da ƙanƙara. Yatsana manuni na dama fatarsa tana can manne a jikin tagullar akwatinka, in ka zo ka gaisa da ita.

Tsuntsun nan kukeli mai jan wutsiya da ka ce ya fi kowane kyau, ka san abin da ya ci kafin ya tsaya? Mutanen nan da kitsen alade suke kiransa, ni kuwa ba zan taɓa shi ba balle in sa a aljihu. Don haka busasshen naman dokin da Apa ta rataye don azumi nake yanka kaɗan-kaɗan. Ɗan banzan tsuntsu ya gano namanmu ya fi nasu daɗi, ya je ya kira danginsa. Su biyar suke rakiyata yanzu, ɗaya ma a kan akwatin yake sauka, ta bayan ido, inda ya san ba zan iya ɗaukarsa ba, ya karkata kai yana kallona kamar mai tambayar ina saura. Apa ta ga naman yana gajarcewa ta ɗora wa kyanwa laifi, kyanwa ta sha tsintsiya, har yau ba ta kallona. Farar fakara kuwa kwana huɗu na yi a kwance cikin dusar ƙanƙara kafin ta fito, fara a kan fari, ba abin da ake gani sai baƙin ido da baki. Daga sabon kwalin nan har na ɗauki wasu shida, har da babbar mujiya mai toka-toka a kan reshe, ido cikin ido, irin wadda ka daɗe kana roƙona. Suna nan a rumfar itace. Ba za su taka hanyar Helsinki ba sai na ji labarin na goma sha biyu.

Yanzu saurari yadda aka yi. Ka san takardar Ani, mahaifiyarmu, da ta iso a lokacin kaka bayan wata biyar a hanya, an buɗe ta an sake liƙewa. Na kwafa maka rabinta, rabin da ya shafi gaisuwa da mutuwar 'yan ƙauye. Sauran rabin Ati ya hana. A ciki ta ce yanar ido ta fara rufe mata idon hagu, na dama ma ya soma. Ta ce shekara goma sha ɗaya tun da aka rufe iyaka tsakaninmu da ita, tana tuna muryarsa, tana tuna tarinsa na asuba, amma in ta rufe ido tana neman tsayinsa a bakin ƙofa sai ta rasa ko yana sunkuyawa in zai shiga ko ba ya yi. Ta ce ta ji 'ya'yanta sun zama masu hoto, to a aiko mata da shi kafin idon ya tafi. Ka san Ati da hoto. Ya ce fuskar da Allah ya zana ba za a kama ta a gilashi ba, bai yarda yana da ƙuruciya ba, ba kuwa zai yarda da furfura ba. Apa ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina sa masa sukari a shayi, a banza. Ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce to Ati, a ɗauki ƙeyarka mana, ai ƙeya ba fuska ba ce. Ya jefe ni da takalmin gashi, ya samu butar shayi. Maganar ta mutu a nan, ko kuwa haka muka zata.

Ran uku ga watan nan, bayan mun yi magariba da agogon aljihunsa, don sama ba ta gaya wa kowa lokaci a yanzu, sai na fita ɗebo itace. Sanyi ya kai inda gungumen bango ke fashewa kamar harbin bindiga, iska kuwa ko ta kaɗa gashin gira babu. Ina ɗaga kai sai ga hasken dare da mutanen nan ke kira wutar yanyawa ta kama sama. Abzi, ka zauna a nan shekara huɗu, ka gan ta, amma ba ka ga irin wannan ba. Kore shar daga kan tudu har tsallaken kogi, tana naɗewa tana warwarewa kamar ana kaɗe labule, gefenta na ƙasa ja. Har inuwata nake gani a kan ƙanƙara. Ina tsaye baki buɗe sai na ji mutum a bayana. Ati ne, ya sa rigar fatarsa, ya ɗaura ɗamara, ya karkata hula. Bai dube ni ba. Ya ce, "Kai shaiɗan, ƙeya ba fuska ba ce, ko?" Na ce haka ne, Ati. Ya ce to me nake jira, sai ya canza ra'ayi?

Gilashi ɗaya ya rage mini a duniya. Na ruga rumfa na ɗauko akwatin, muka gangara kan kogi. Na so in tsayar da shi yana fuskantar arewa inda wutar ta fi ƙarfi, ya ƙi. Ya juya tsakanin gabas da kudu, ya ce nan zai kalla ko kuwa ya koma ɗaki. Na ce Ati can babu komai sai duhu. Ya ce ba shawarata ya nema ba. Allah da ikonsa kafin in gama kafa ƙafafun akwatin wutar ta gangaro ta rufe wannan gefen ma, sai ga shi baƙi ƙirin a tsakiyarta, kafaɗar hagu ta ɗan sauka yadda ɗaukar kayan talla ya mayar da ita. Ka san ni ba ni da agogon daƙiƙa irin naka, da tasbihi nake auna haske. Tsuntsu rabin bisimilla ya ishe shi, wutar sama kuwa sai talatin da uku. Na yi masa bayani kamar yadda malam yake yi mana a makarantar allo. Na ce Ati, zan cire murfin ido, zan ja tasbihi talatin da uku a bayyane, daga na fara har in gama kada ka motsa, kada ka yi tari, in hancinka ya yi ƙaiƙayi ka ba shi haƙuri. Ya ce shekara hamsin yana tsayuwar salla, ba ɗan jiya ne zai koya masa tsayuwa ba.

Na cire murfin na fara. Goma lafiya. Goma sha biyar lafiya, har ina jin daɗi a raina ina cewa yau Abzi zai san ƙaninsa. Ina kai wa ashirin sai na ga hannunsa na dama yana tashi. A hankali, daga gefen riga har sama da hula. Ya kaɗa shi dama, ya kaɗa shi hagu, ya sake, sannan ya sauke. Ban san yadda na ƙarasa sha ukun da suka rage ba. Ina mayar da murfin na fashe. Abin da na faɗa wa mahaifina a kan kogin nan ina jin kunyar rubuta shi, amma zan rubuta don ka san ba yabon kaina nake ba. Na ce gilashi ɗaya tak, dama ɗaya tak, ya lalata. Na ce kututturen bara ma ya fi shi jin magana. Ya wuce ni ya hau gangaren yana huci.

A bakin hanya muka ci karo da maƙwabciyarmu tsohuwa Riitu, wadda ta ga komai daga ƙofarta, ta fito ko mayafi ba ta ɗaura daidai ba. Ta tare shi tana masifa. Ta ce Bedri, tsoho da kai, gemu fari fat, wa ya ce maka ana ɗaga wa wutar nan hannu? Ta ce yaro ɗan shekara uku a ƙasar nan ya san ba a yi mata fito, ba a nuna ta da yatsa, ba a kaɗa mata hannu, in ta lura da mutum saukowa take yi ta taɓa shi. Ta ce shekara goma kana cin kifin kogin nan amma kanka har yau na baƙo ne. Ta juyo kaina ta ce ni kuwa dama tun ranar da na sa wa ragonta wando ta san ba zan gama lafiya ba. Ati ya ce mata wuta da mai kallonta duk Mai su ɗaya ne, ta koma ɗaki kada kunnenta ya faɗi. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kayar da shi, ƙirji ya cushe. Likitan da muka ɗauko ya ce sanyi ne ya shige shi, kuma ba shi ba fita waje sai ƙanƙarar kogi ta fashe. Riitu kullum tana zuwa da madara mai zafi da man kwalta na shafawa, ta zauna a bakin gado ta ce ba ta ce komai ba, ita dai ba ta ce komai ba. Ni ban yarda da zancenta ba. Na san abin da ya kwantar da shi: rabin awa da ya yi a kan kogi ina gyara ƙafafun akwati. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi, ba sai ka tuna mini ba.

Laifina na biyu kuma shi ne takardar da na sa a cikin kwalin. A zatona gilashin ya lalace, raina a dagule, sai na rubuta layi ɗaya kawai, cewa na goma sha biyu Ati ne, a ƙarshe ya yarda. Sai da amsarka ta zo na tuna kalmomin bara ke nan, ɗaya bayan ɗaya. To na ji, na ba ka dalilin zargi. Amma zargi ai dubawa yake sa mutum ya yi, ba jefarwa ba. Ɗauko madubinka ka duba. Dubi itatuwan tsallaken kogi, kowane reshe da ƙanƙararsa a tsaye cak, don babu iska. Dubi taurari sun fito ta cikin hasken, wace fitila ce ke barin taurari a cikinta? Sannan dubi gefen damansa. Za ka ga wani dishi-dishi kamar buɗaɗɗen mafici daga ƙugu zuwa sama da kai. Hannu ne. Ka taɓa ganin kututturen da ya ɗaga hannu a daren da ba iska?

Da takardarka ta iso ina daji wurin kukeli. Apa ta buɗe, kuma ka santa, ba ta karatu a zuci. Ta zauna a bakin gadon Ati ta karanta masa tun daga bisimilla har kwandon lalatattu. Na shigo na tarar yana dariya yana tari, dariya da tari, har sai da muka ɗaga shi zaune. Ya ce shekararsa sittin da uku a duniya, ya daɗe yana jiran ya ji me babban ɗansa ya ɗauke shi, yau ya ji. Sannan dariyar ta ɗauke. Ya tambaya ko da gaske kankarewa za ka yi. Na ce haka ka rubuta. Ya kalli rufi, sannan ya ce wa Apa ta je ta dafa shayi, sabo, kada ta ɗumama na ɗazu. Da ta fita ya ce in rufe ƙofa in matso.

Ya tambaye ni ko na tuna ranar da muka baro ƙauye. Kai ka riga mu tahowa da shekara guda, ba ka nan. Na ce na tuna amalanken doki da taɓo, na tuna Ani a bakin ƙofar shinge, hannunta duk garin alkama, ta tsaya jinyar kakarmu a kan za ta biyo mu bayan girbi. Ya ce ta ɗaga hannu tana kaɗawa tun da doki ya motsa har muka sha kwanar injin niƙa. Na ce na tuna, ni da Apa har muna tsaye a kan kaya muna kaɗa hannu bibbiyu. Ya ce to shi bai ɗaga ba. Ya ce yana zaune tsakanin kawunta biyu da liman, waɗanda suka rako mu tasha, sai ya ji kunya a ga namiji yana ɗaga wa matarsa hannu a gaban surukai. Ya cusa hannuwansa cikin hannun riga ya kalli kunnen doki. Ya ce a ransa wata huɗu ne, in ta iso ya gaishe ta yadda ya kamata. Ya ce tun da takardarta ta zo ba tsayinsa a bakin ƙofa yake tunani ba, hannun nan nata yake gani a sama, shi kaɗai, ba amsa. Ya ce ya ji sarai da na ce kada ya motsa. Ya ce ba don a ga rigarsa ya fita cikin sanyin nan ba.

Abzi, ni da na ce masa kututture ya fi shi jin magana, ka ce in yi yaya? Na durƙusa a bakin gadon ina kuka, shi kuwa ya dungure mini kai ya ce in tashi, kukana ya fi dariyata muni. Ya ce kada a rubuta komai a bayan hoton, in ta gani za ta gane. Ya ce in ka kankare shi ke nan, haka Allah ya rubuta, shi ba zai tsaya sau biyu ba, ko da likita ya bari. Sannan ya kama wuyan hannuna ya ce maganar nan daga shi sai ni, kada Gulsum ta ji, kada Zinnetulla ya ji. Na ce to. Ga shi na rubuta maka ita tun daga farko har ƙarshe. Duk shaƙiyancin da na yi a rayuwata ban taɓa fasa sirrin mutum ba sai yau, kuma kai ka tilasta ni, don na san in ban gaya maka ba za ka dubi dishi-dishin nan ka ce aibi ne, ka ɗauko ɗan burushinka ka gyara. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk al'amarin, kuma ban yafe maka shi ba tukuna.

Don haka ga abin da za ka yi. Ka buga shi a takarda mai kauri, babba yadda mai ido ɗaya za ta gani, amma ba wanda ya fi ƙarfin ambulan ba. Kada ka taɓa hannun, kada ka goge, kada ka ƙara masa baƙi. Ka buga uku ka aika wa Ani a ambulan uku, mako-mako, don ko biyu sun ɓace a iyaka ɗaya ya isa. Kada ka kai masallaci, kada ka sa a taga, kada ya zama katin wasiƙa ko da duk Helsinki ta roƙe ka. Kuma in ka rubuto wa Ati kada ka nuna ka san komai, ka ce dai ka sake dubawa ka ga kafaɗarsa. In kuwa takardar nan ta makara, in gilashin yana can a kan hoton auren wani baƙo, to kada ka rubuto mini. Ka rubuto wa Ati da hannunka, kuma ka nemi mai karanta masa, don ni ba zan karanta ba.

Ka gaida Jingi Zuleiha, ka ce mata safar da ta saƙa mini ta yi, in ban da ta hagu da maraƙa ta cinye. Ka shafa mini kan Rauf da Nailiya da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Ka gaida Alimjan Babay da sauran dattawan masallaci, ka ce ina neman addu'arsu ga Ati. Apa Gulsum tana gaishe ku, ta ce ku aiko da ganyen shayi da allura. Riitu ma ta ce a gaida wanda ya fi hankali a gidanmu, na ce mata zan binciko ko wane ne. Ati yana sa muku albarka. Ɗazu da na zauna rubutu ya tambaye ni kwana nawa takarda take yi daga Helsinki zuwa ƙauye. Na ce wata biyar, in an yi sa'a huɗu. Ya ƙirga a yatsunsa, ya ce idon dama zai kai.

Allah ya nuna mana azumi lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙaninka, wanda yau ba wasa yake ba,
Miftah